Godiya ga mutanen Port Barton da duk wanda ya taya mu da addu'a

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki. Alhamdulillahi, ni da abokan tafiyata mun fito lafiya. Na zaɓi in yi godiyar nan a bainar jama'a domin labarin da ya iso wa wasunku ya fi abin da ya faru girma. Jirgin ruwanmu bai kife ba. Injinsa ne ya mutu a tsakanin tsibirai, iska ta taso, dare kuma ya kusa.

Ga masu tambayar ina ne wurin, Port Barton ƙauyen masunta ne a yankin San Vicente, a gaɓar yamma ta tsibirin Palawan a ƙasar Filifin, tafiyar awa uku zuwa huɗu a ƙaramar bas daga birnin Puerto Princesa. Masu ƙaramin aljihu irinmu can suke nufa, saboda El Nido, garin yawon buɗe ido da ke arewacin tsibirin, ta yi suna, tsada kuma ta biyo sunan. Mun je a lokacin habagat, iskar damina da ke kaɗawa daga kudu maso yamma tun wajen watan Yuni har zuwa Oktoba, don a lokacin ne baƙi ke raguwa, kuɗin ɗaki ya sauka. Da safen hukumar hasashen yanayi ta PAGASA ba ta fitar da gargaɗin iska ba, aka bar jirage suka fita. Mun ga murjani, mun ga kunkurun teku kusa da tsibirin Inaladelan, wanda baƙi suka fi sani da German Island. A hanyar dawowa ne inji ya yi tari ya yi shiru.

Godiyata ta farko bayan ta Allah, ga direban jirginmu da yaronsa take. Bangka, irin jirgin da muka hau, kwale-kwale ne siriri, an ɗaura masa gora dama da hagu don kada ya jirkice. Muddin hancinsa na fuskantar igiyar ruwa, lafiya lau. Idan ya ba ta gefe, nan ne gorar ke iya karyewa. Bawan Allahn nan bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Ya duba rigar kariyar kowa, ya sauke rumfar tamfol don kada iska ta ja mu, ya zaunar da mu a tsakiya, sannan ya kama filafili yana juya hancin jirgin, yaron kuma na kwashe ruwa da yankakkiyar jarka. Natsuwarsa ce ta hana mu miƙewa tsaye, kuma a irin wannan jirgi mutum ɗaya da ya firgita ya isa ya jawo wa kowa.

Sai masuntan da suka jawo mu. A kansu nake so in daɗe, domin su ne ba wanda zai sa hotonsu a ko'ina. Su biyu ne, uba da ɗansa, suna hanyar komawa gida gudun iskar. Ganin yaron jirginmu na kaɗa riga, suka juyo. Sai da suka jefa igiya ta faɗa ruwa, suka sake zagayowa, kafin ta kamu. Ƙaramin injinsu ya ja jirgin da ya fi nasu nauyi, a hankali, man da suka saya don kamun gobe yana ƙonewa. Da muka isa gaɓa muka tattara peso da ke aljihunmu, dattijon ya ɗauki kuɗin mai kawai, ya mayar mana da sauran. Daga baya mai masaukinmu ta faɗa mana cewa yana cikin waɗanda suka rasa jirage lokacin guguwar Odette, wadda duniya ta sani da Rai, da ta sauka a Roxas, maƙwabciyarsu, a watan Disamba na 2021. Mu masu yawon arha mukan yi alfahari da iya taya farashi da tsuke bakin aljihu, amma gaskiya ita ce wani ne ke ɗaukar abin da muka rage, kuma galibi wanda ya fi mu buƙata ne. Ban ƙara yi wa mai jirgi ciniki ba har muka bar garin.

Ina gode wa jami'an tsaron gaɓar teku. Kafin jirgi ya tashi sai an rubuta sunan duk wanda ke ciki, abin da wasu baƙi ke gani ɓata lokaci ne. Wannan takardar ce ta sa aka san jirgi ɗaya bai dawo ba, da adadin mutanen da ke cikinsa. Mun tarar da su a bakin ruwa da fitilu suna shirin fita nemanmu. Washegari suka hana ƙananan jirage tashi gaba ɗaya, kuma na ji wasu baƙi na ƙorafi. Allah Ya shirye su.

Uwar masaukinmu kuwa, ban san da wane baki zan gode mata ba. Ruwan sama ya ɗauke wuta da sabis, ba halin cire kuɗi, abin da ke hannunmu ya ƙare. Ba ta tambaye mu fasfo ta riƙe ba, ba ta canja mana fuska ba. Ta ce mu zauna har hanya ta buɗe, ta rubuta bashin a littafinta, ta kuma yi ta shanya mana kaya a bayan kicin. Ita ce ta raka abokinmu ƙaramin asibitin ƙauyen, bayan ya taka wata halittar ruwa mai ƙaya lokacin da muke sauka cikin duhu. Ma'aikaciyar jinyar ta jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi da ruwan tsami, ta zare ƙayoyin da ke zaruwa, ta ce sauran za su narke da kansu. Ita ma mun gode.

Hajiya, ki yafe mini daren da kika kwana kan sallaya ba labarina. Yaya, kuɗin da ka turo sun shigo da sabis ya dawo, da su muka biya bashin ɗaki da na mota, Allah Ya ƙara buɗi. Ku da kuka yi ta kiran juna kuna neman lambar ofishin jakadanci, da ku da kuka sa mu a addu'a ba tare da kun san mu ba, Allah Ya saka da alheri, Ya bar zumunci.

Wasu sun ce suna so su tallafa wa dattijon masuncin. Mun yi magana da uwar masaukin, ta yarda ta miƙa masa a matsayin gudummawar gyaran inji, tunda lada ya ƙi karɓa. Mai niyya ya tuntuɓe ni ta sirri. Ƙafar abokinmu kuma da sauƙi, ya fara takawa, sai dai har yanzu takalmi ba ya shiga.