Godiya bayan sutunas: ga Baba mai gadi, da uwayen da suka amince da ni

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi. Yau kwana huɗu da sutunas, wato ranar da na kare binciken digirina gaban malamai, sai yanzu na samu ƙarfin riƙe waya in rubuta. Kwana biyun farko barci kawai nake yi, in tashi in yi salla in koma. Saƙonninku suna nan jibge a WhatsApp, ko rabi ban buɗe ba. Ku yi mini afuwa, wallahi ba raini ba ne, jiki ne ya ƙi. Kun san sau nawa aka ɗage ranar, kun san shekarar da na ajiye komai bayan haihuwar auta, ba sai na maimaita ba.

Dare ɗaya nake so in ba ku labarinsa, domin da ba don shi ba da babu abin da zan tsaya in kare gaban malamai.

Watan Afrilu ne, bazara ta kai bazara, rana ta wuce digiri 40, dare ma bango na fitar da wuta. Ƙarfe ɗaya da rabi wayata ta yi ƙara. Baba ne, mai gadin labo, wato ɗakin gwajin da nake aiki. Ya ce, "Ɗiyata, firigon nan naki kuka yake yi. Tun ɗazu aka ɗauke kuran, gurub ya tashi ya mutu." Wato babu lantarki, janareto ma ya mutu. A cikin firigon nan akwai ruwan jinin yara masu sikila, wadda a nan muke ce wa emasi, aikin sama da shekara biyu, cikin ƴan kwalabe da ba su kai ɗan yatsa ba, a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili. Hijabi na zura kan kayan barci, Baban yara ya ɗauke ni a babur daga unguwar Bukoki ta Yamai. Da na shiga labo lambar da ke jikin ƙofar tana nuna 68. Ina tsaye ta koma 67. Ba a buɗe shi, buɗewa ƙara ɓarna ce. Sai na zame na zauna ƙasa na jingina bayana da ƙofar, kamar zan tare sanyin da jikina.

Ba digiri nake tunani a wannan lokacin ba, Allah shi ne shaida. Kowace kwalba uwa ce da na zauna da ita na yi mata bayani, ta riƙe hannun ɗanta aka soka masa allura, yaron da dama jininsa bai ishe shi ba. Akwai yarinya ɗaya, ƴar shekara bakwai, da ta riga ta rasu kafin wannan dare. Kwalbarta tana akwati na uku. Da wane ido zan koma in kalli uwarta in ce jinin ya lalace?

Ban ga fitar Baba ba. Bayan kamar minti arba'in na ji ƙarar ƙarfe a tsakar gida. Ashe da ƙafa ya taka har cikin unguwa ya buga ƙofar wani mai walda, ya taso shi daga barci. Ga su nan, shi da yaran shagonsa biyu, sun turo gurub ɗin aikinsu a kan puspus, gumi sharkaf. Mai waldan bai san ni ba. Tambaya ɗaya ya yi: "Madam, mene ne a ciki?" Na ce jinin yara ne marasa lafiya. Ya ce, "To haska mini nan." Na riƙe masa fitilar waya hannuna na rawa, yana haɗa wayoyi, Baban yara ya fita neman asansi wajen masu sayarwa a kwalba. Lambar ta tsaya a 59. Ba ta motsa ba, ba ta motsa ba, sai bayan kiran asuba ta koma 60, sannan 61. Nan na fashe da kuka, Baba yana cewa "Ya isa, ɗiyata, ya isa."

Kuran bai dawo ba sai la'asar. Yini guda ke nan shagon bawan Allahn nan a rufe. Na miƙa masa jika goma ya ture hannuna, ya ce ɗan ƙanwarsa ma yana da ciwon. Su biyun sun ce kada in ambace su. Baba, ka yi haƙuri, na ambace ka. Malam mai walda, kai ma. Allah ya haskaka muku kaburburanku yadda kuka tsaya mini cikin duhun nan, ya shirya muku zuri'a, ya sa kada ku taɓa buga ƙofa a ƙi buɗe muku.

Malamina, Farfesa, ban san ta inda zan fara ba. Iskar da nake bi, naitirik oksaid, wadda ake rubutawa NO, ba ta daɗewa a jiki, cikin daƙiƙu take ɓacewa, sai dai a auna abin da ta bari a baya. Ana ɗiga wani ruwan gwaji, in akwai sai ya rine ya koma ruwan hoda. Wata biyar ina ɗigawa ruwa na tsaye fari fat. Ranar da na shiga ofishinsa na ce na bari, bai yi mini faɗa ba. Labarin Robert Furchgott ya ba ni, masanin sinadaran jiki na Amurka da ya yi shekaru yana gwaji da babbar jijiyar jinin zomo. Sinadari ɗaya, wani lokaci jijiyar ta saki, wani lokaci ta ƙanƙance. Daga baya ya gane cewa wajen shirya ta ne hannu ke goge wata siririyar shimfiɗa da ke cikinta, kuma ita ce mai aika wa tsokar jijiya saƙon ta sassauta. Ya wallafa wannan a 1980. Sai a 1986 shi da Louis Ignarro suka ce saƙon nan NO ne, aka ba su kyautar Nobel tare da Ferid Murad a 1998, Furchgott yana da shekara 82. Farfesa ya ce, "Koma ki duba hannunki kafin ki zargi kanki." Na koma. Ruwan da nake haɗa gwajin da shi ne ya tsufa. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Malam.

Inna ta taso daga Tawa, yini guda cikin mota ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, da ciwon gwiwarta. Awa uku ta zauna a layin gaba ana ta Faransanci, ba ta jin ko kalma, carbi kawai take ja. Da dare muna kwance a tabarma ta ce, "Wai mi kinka hwaɗa musu?" Na ce, Inna, ƙwayar jinin mai lafiya tana yin kwana 120 a jiki, ta mai emasi kuwa kwana 10 zuwa 20 ta mutu. Tana lanƙwashewa kamar lauje ta toshe ƙananan hanyoyi, wannan kowa ya sani. Amma akwai na biyu. In ta fashe a cikin jijiya, jan sinadarin da ke cikinta, himogulobin, yana zubowa ya haɗiye iskar nan mai kai saƙo. Wani abin kuma ya fito tare da shi ya cinye arjinin, kayan da jiki ke haɗa iskar da shi. Sai jijiya ta kasa jin an ce mata ta buɗe, ta matse a lokacin da jini ya fi bukatar hanya. Inna ta yi shiru har na ɗauka barci ya ɗauke ta. Can ta ce, "Ashe saƙo ne bai kai ba." Ta kira sunan ƙanena sau biyu. Shekara goma sha ɗaya yake da ita lokacin da ya tafi, a cikin hunturu, yana riƙe da ƙafafunsa yana cewa ƙashinsa ake sara. Allah ya jiƙan ka, ɗan'uwana. Saboda kai na shiga wannan hanya.

Na ajiye kujeru shida na dangi. Biyu aka zauna. Waɗanda suka ce lalle za su zo, har na aika kuɗin mota, na san kowa da uzurinsa, ban riƙe kowa ba. Amma na juya na duba kujerun nan fiye da sau ɗaya, kuma ban manta wanda ya taɓa ce wa Inna karatun mace ba ya ƙarewa sai ya ƙarar da gidanta ba. Gidan yana nan, alhamdu lillahi.

Baban yara, kai ka san abin da ka ɗauka, da goyo da girki da jiran dare a ƙofar labo. Tanti maƙwabciyarmu da ta mayar da ƴaƴana nata. Ma'aikatan jinya da suka riƙa kirana duk lokacin da wata uwa ta amince. Ƙannena ɗalibai masu wanke kwalabe ba a sa su ba. Ya Allah ka saka musu da abin da ya fi wanda suka yi mini. Ka ba yaran nan sauƙi, ka rage musu dararen zafi, ka sanyaya zukatan iyayensu, ka jiƙan waɗanda suka riga mu, ka sa wannan ɗan aiki ya zama mai amfani ko ga yaro ɗaya ne. Amin ya Hayyu ya Ƙayyum.

Uwayen yaran nan, na yi muku alkawarin zan dawo in gaya muku abin da na gani a jinin ƴaƴanku, da Hausa da Zabarmanci, ba da Faransanci ba. Ban manta ba. Ranar Asabar in sha Allah zan fara zagayawa, kuma daga gidan mahaifiyar yarinyar nan ta akwati na uku zan fara.