Kafin a ɗora wa sensar salansa laifi

Abu na farko da aikin wutar babur ya koya mini shi ne duk wutar da ta fita daga batir sai ta koma cikinsa. Idan fitila ta mutu ko hon ya shaƙe, yawancinmu wayar da ke kai wuta muke bi, daga batir zuwa fiyus zuwa makunni. Hanyar dawowa kuwa, wadda ke bi ta ƙarfen jikin babur da gangar inji har zuwa kan nagetif, ba kowa ke waiwayarta ba. Alhali rabin tafiyar ke nan, kuma galibi noti ɗaya ne ke riƙe da ita. Tsatsa ta shiga ƙarƙashinsa, ko girgiza ta sassauta shi, ko a sake wa babur fenti a ɗaure wayar a kan fentin, shi ke nan wuta ta fara neman wata hanya. Daga nan sai a kunna sigina a ga fitilar baya na lumshewa tare da ita. Irin wannan matsala ce kuma kan sa a ɗora laifi a kan sensar oksijin, wato 'yar na'urar da ke jikin salansa tana auna iskar da ta rage a hayaƙi.

Darasin da ya fi zauna mini shi ne yadda ake gwada wannan hanya. Idan an sa mita, wato na'urar gwada wuta, a kan ma'aunin om mai auna yadda waya ke tare wuta, babur a kashe, waya da ta tsinke saura silin tagulla ɗaya za ta nuna lafiya ƙalau, domin ɗan abin da mita ke turawa bai kai ya wahalar da ita ba. Sai an ɗora mata kaya gaskiya ke fitowa. Ana juya mita zuwa bolt, a sa tsinke ɗaya a kan nagetif na batir, ɗayan a jikin inji, a danna sitata. Abin da ya fito shi ne wutar da ke salwanta a hanya. Hanya mai kyau ba ta cika wuce bolt 0.2 ba. Lissafinsa ma mai sauƙi ne: om 0.1 kacal, in amfiya 5 ta bi ta kansa, ya cinye rabin bolt. Kafin wannan duka ina duba batir tukuna, mai cikakken caji yana ba da kusan 12.6 a kashe, ya hau tsakanin 13.5 da 14.5 in inji na aiki.

Rabin bolt ba wani abu ba ne a wurin fitila. A wurin sensar oksijin kuwa ya isa ya juyar da maganarta gaba ɗaya. Irin wadda aka fi sa wa babura masu injekta, duk abin da take faɗa tsakanin bolt 0.1 ne da 0.9. Ƙasa na nufin iska ta yi yawa a hayaƙi, sama na nufin mai ya yi yawa, tsakiya kuma wajen 0.45 shi ne daidai, wato kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na fetur. Kwamfutar inji da wannan ɗan saƙo take ƙara mai ko ta rage. To a ce nagetif ɗin sensa da na kwamfuta sun sami bambancin bolt 0.3. Sensa ta faɗi gaskiya, amma abin da ya isa kunnen kwamfuta daban ne. Ta ɗauka mai ya yi yawa, ta rage, inji ya riƙa shaƙewa yana ɗaukar zafi. In bambancin ta ɗaya gefen ne, ta yi ta ɗura mai har fulogi ya yi baƙi. Sensa mai waya ɗaya ta fi shiga wannan hali, tunda ta jikin salansa take dawo da wutarta, salansa kuwa gidan tsatsa ne.

Shi ya sa nake jin zafi idan na ga an karanta lambar matsala da kwamfutar inji ta bayar an wuce kai tsaye wajen sayen sabuwar sensa. Lamba irin P0131 cewa take saƙon da ke isowa ya yi ƙasa, P0135 kuma tana nuni ga layin hitar da ke ɗumama sensa. Babu wadda ta ce sensa ta mutu. Layi take nunawa, kuma layin ya haɗa da waya da soket da fiyus da wurin ɗaure nagetif. Mai babur zai biya kuɗin kayan da ba ya buƙata, fitilar gargaɗi ta sake kamawa, ya daina yarda da mai gyara.

Hitar nan ma tana da dalili. Sensa ba ta fara magana sai ta kai zafin kusan digiri 300 a ma'aunin Salsiyos, don haka masu waya huɗu suna da wayoyi biyu na ɗumama ta. In hita ta rasa wuta, sensa za ta yi nawa, musamman idan inji na aiki a tsaye. Haka kuma ƙaramar ɓula a salansa kafin wurin sensa tana zuƙo iskar waje, sai a ga kamar mai ya yi kaɗan. Gam mai silikon da bai dace da sensa ba, da man inji da ke ƙonewa a silinda, su ne ke kashe ta da gaske, kuma in ba a magance su ba sabuwar ma haka za ta bi.

Idan na samu laifin a wurin ɗauri ne, nakan kwance notin, in goge ƙarfe da kan wayar da sanfefa har su yi haske, in ɗaure tamau, sannan in shafa giris a sama don kare ruwa. Sai in sake danna sitata da mita a hannu, in share lambar, in bar inji ya yi zafi, in zuba wa saƙon sensa ido har in ga yana hawa yana sauka ta tsakiyar 0.45.