Daren da na katse wa Baba hanzari

Bayan sallar isha'i ne, a tsakar gidanmu a Garwa ta Kamaru, cikin zafin nan na Afrilu da ko bango huci yake yi. Baba na kishingiɗe a kan buzunsa, cikinsa a kumbure, idanunsa sun yi rawaya. Wata uku ke nan da likita ya gaya mana dajin hanta ne, kuma ya yi nisa. Ya kira ni ya ce, "Zauna nan. In lokaci ya yi, kada ku yi ta yawo da ni. Ku bar ni a ɗakina, uwarku na kusa, a riƙa tuna mini kalmar shahada."

Na ce, "Haba Baba, wace irin magana ce wannan? Allah Ya ba ka lafiya, sai ka ga auren jikokinka." Na miƙe wai zan ɗebo masa ruwa a randa. Ya bi ni da kallo, bai ƙara cewa uffan ba.

A lokacin gani nake ladabi na yi. Tsoro ne kawai, ƙannena. Dattijo ya tattara ƙarfin halinsa zai ba ni amana, na toshe masa baki da addu'a. Kuma ban gaya wa kowa ba, ko yayana.

Da daren ajalinsa ya zo, numfashinsa ya sauya, Inna na zaune a kansa tana karanta masa kalma a hankali. Ni kuwa sai na ruɗe. Na buga wa maƙwabci ƙofa, muka cicciɓe shi zuwa mota, Inna na cewa, "Ku bar Malam, ku bar shi," ban ko waiwaya ba. Duk ramin da muka faɗa a hanya sai kansa ya bugi kafaɗata. Kafin mu isa asibiti ya daina motsi. Karnensa, wato littafinsa na asibiti wanda duk tarihin ciwon ke ciki, na manta shi a gida. Ma'aikatan dare ba su san shi ba, ni kuma ina ta ihu a yi duk abin da za a iya. Suka hau danna masa ƙirji. Na ji wani abu ya ce ƙas, kamar an taka busasshen karan dawa. Haƙarƙarinsa ne. Ba su da laifi ko kaɗan: wanda aka kawo wa mutum zuciyarsa ta tsaya, babu takarda babu bayani, aikinsa ke nan ya yi ƙoƙarin farfaɗo da shi. Baba ya cika a hannun baƙi, Inna na can gida da carbinsa a hannu.

Kada wani ya ɗauka ina kushe dannan ƙirji. Ku koye shi ma. Ana danna tsakiyar ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, domin ƙwaƙwalwa na fara lalacewa cikin 'yan mintoci in jini bai kai mata ba. Yaron da aka tsamo daga Binuwai, magidancin da ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa, waɗannan a duƙa a kansu nan take, karayar haƙarƙari ba komai ba ce a kan rai. Amma ko a Ingila, inda motar asibiti ke zuwa ƙofar gida da kayan aiki, cikin mutum goma da zuciyarsu ta tsaya a wajen asibiti da ƙyar ɗaya ke rayuwa. To ina ga jikin da daji ya riga ya cinye?

Shi ya sa wasu ƙasashe suka ba mutum damar faɗin ra'ayinsa tun yana cikin hayyacinsa. Faransa ta yi doka a 2005 da ta ba shi damar rubuta abin da yake so da wanda ba ya so a yi masa a ƙarshen rayuwa, a 2016 aka ƙara wa takardar nauyi a kan likitoci. Abin da ya fi kwantar mini da hankali, kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya ya yi fatawa a shekarar 1409 bayan Hijira cewa in ƙwararrun likitoci uku amintattu suka tabbatar farfaɗowa ba za ta amfani marar lafiya ba, babu laifi a bar ta. Wannan ba kisa ba ne, ba kuma hana magani ba. Ana ci gaba da ba shi maganin raɗaɗi, ana jiƙa masa leɓe, ana juya shi.

Don haka in tsohonku ya buɗe wannan magana, ku zauna. Ku haɗiye kukan, ku bar shi ya kai aya. In cewa ya yi a gwada komai har ƙarshe, shi ma haƙƙinsa ne, kuma yana iya sauya ra'ayi gobe. Daga nan ku je wurin likitan da ke duba shi ku tambaye shi gaba da gaba: in zuciyar ta tsaya, dannawa za ta yi amfani? Ku roƙe shi ya rubuta amsarsa a karne. Kuma kada mutum ɗaya ya riƙe zancen. A tara manyan 'ya'ya, a kira liman, a sanar da goggon nan da za ta taso daga Marwa ranar zaman makoki tana cewa sakaci aka yi. Yawancin gudun da muke yi da tsofaffi cikin dare, gudun bakin dangi ne.

Bara Inna ta kwanta da ciwon zuciya. Wannan karon ni na fara ɗauko maganar, muryata na rawa. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ashe ka ji abin da Malam ya ce maka a daren nan." Tana bayan labule ashe, ta ji komai, shekara shida ba ta taɓa yi mini gori ba. Abin da ta faɗa mun rubuta shi da Faransanci saboda ma'aikatan asibiti, da ajami saboda ita ta karanta da kanta, ta dangwala yatsa, yayana da liman suka sa hannu. Takardar na cikin karnenta, a leda, rataye a ƙusar da ke bayan ƙofar ɗakinta.