Abin da kalmar drill ta koya mini a aikin fassara

A shekarata ta farko a aikin fassara, an ba ni wata ƙasida ta Turanci da aka rubuta wa manoman shinkafa domin in mayar da ita Hausa. A wani sakin layi an ce a yi drill na iri, a bar tazarar santimita 20 tsakanin layi da layi. Ni kuwa drill ɗin da na sani shi ne na'urar da kafinta ke huda katako da ita, sai kuma injin haƙa rijiyar burtsatse, saboda haka na rubuta cewa a huda irin kafin a shuka. Dattijon da ke duba aikinmu ya ja jan biro a ƙarƙashin jimlar, ya sauke tabarau ya ce, "Malam, a ina ka taɓa ganin manomi yana huda ƙwayar shinkafa?"

Kunyar ranar ce ta kai ni ga ƙamus mai bin asalin kalmomi, inda na tarar cewa abin da na ɗauka kalma ɗaya ce, ashe kalmomi huɗu ne daban-daban, rubutu ne kawai ya haɗa su, kamar yadda garin da ake zama a ciki da garin tuwo suke kama ɗaya a takarda. Bambancin shi ne mu muna raba namu da tsawon wasali, Bature kuwa yana furta nasa duka iri ɗaya.

Ta hudawa ta shiga Turanci a ƙarni na 17 daga harshen mutanen Holan, inda "drillen" ke nufin hudawa ko juyawa. Daga wannan juyawar aka samo ma'anar horon sojoji a filin fareti, kuma ba abin mamaki ba ne da ta fito daga can, domin a shekarun 1590 Yarima Maurice na Nassau ya yi suna wajen sa dakarun Holan maimaita ɗura bindiga da sauya sahu har abin ya zame musu jiki. Atisayen tsere wa gobara da ake yi a ofisoshi da maimaita jadawalin lissafi a aji duk jikokinta ne.

Wadda ta kayar da ni ta noma ce: ɗan siririn layin da ake ja a ƙasa a zuba iri, da kuma injin da ke wannan aiki, irin wanda Jethro Tull ya ƙera a Ingila a 1701 lokacin da manoman can ke watsa iri da hannu. Abin da ƙasidar ke nufi ke nan, a shuka a layi maimakon a yafa.

Ta uku tela ya fi kowa saninta, ko da bai san sunan ba. Yadi ne mai kauri na auduga da ake ɗinka kakin soja da kayan ma'aikata da shi, kuma sunan ya zo ne daga Jamusanci "Drillich", wanda ya samo asali daga kalmar Latin "trilix", wato mai zare uku.

Tun daga lokacin, duk inda na ci karo da kalmar, sai na dubi maƙwabtanta a jimla kafin in ɗora alƙalami. Dabarar ta fitar da ni kunya bayan wasu shekaru, sa'ad da aka kawo mini rahoto kan dazuzzukan jihar Kuros Riba mai cewa drill na fuskantar barazanar ƙarewa. Wannan ita ce ta huɗu, wani babban biri mai baƙar fuska da ke rayuwa a kurmin Kuros Riba da kudu maso yammacin Kamaru da tsibirin Biyoko, wanda masu ƙamus ke danganta sunansa da wani harshe na Afirka ta Yamma. Na rubuta "birin da ake kira drill", na ƙara jimla guda mai bayyana kamanninsa.