Yadda bango ya fi bindigata amfani a War Robots

A besinmu na Aboabo, nan Kumasi, sai an idar da sallar isha'i ake ɗora butar ataya, mu huɗu mu jeru a benci ɗaya, kowa ya kwantar da wayarsa a tafin hannu. Ni gyaran waya nake yi a wajajen Kejetia. Sai ƙanena, sai wani tela, sai mai tuƙa pragya, wato keke mai ƙafa uku, wanda ya girme mu duka, shi ya sa muke ce masa Yaya. Abin da ya haɗa mu shi ne War Robots, wasan da kamfanin Pixonic ya fitar a 2014 da sunan Walking War Robots. Mutum shida ke karawa da shida, kowa na tuƙa ƙaton mutum-mutumi mai ɗauke da makamai, a yi ta ta ƙare cikin minti 10. Mu dai doki muke ce wa mutum-mutumin, abokan gaba kuma jajaye, don da ja sunayensu ke fitowa.

Da na fara, ɗauka nake jarumta ita ce a fito fili a yi gaba da gaba. Dokin da na fi ji da shi Griffin ne, mai tsalle, na ɗaura masa Orkan biyu da Pinata biyu. Rokoki ne masu ɓarna, in suka sauka a kan mutum gaba ɗaya sai dai ya ɗauko wani dokin daga cikin waɗanda ya shigo wasan da su. Amma iyakar zangonsu mita 300. Wannan lambar na san ta tun ranar da na ɗaura su, ban dai taɓa tsayawa na yi tunanin abin da take nufi ba sai a Yamantau.

Yamantau fili ne na ƙanƙara, dogo, ɓangarorin biyu suna hangen juna daga nesa, ɗaya daga cikin tutocin da ake rige-rigen kamawa kuma na tsakiya. Ana sauke mu na miƙe ɗoɗar na nufi tsakiyar nan, ba ko waiwaye. Griffin ba shi da sauri, tafiya yake kamar raƙumin da aka labta wa kaya. Ban kai rabin hanya ba sai na ga wani haske ya tsaga allon, jinina, wato ma'aunin lafiyar dokina, ya zabge. Na ƙara taku kaɗan, wani ya sake zuwa. Masu Trebuchet ne a can ƙarshen fili, makamin da ke kaiwa mita 1,100. Ni kuwa sai danna harbi nake, rokokina na zubewa a ƙanƙara. Na ɗauko doki na biyu na bi hanya ɗaya, na uku ma haka. Kafin a sauke ataya ta farko na koma ɗan kallo.

Yaya bai ɗago kai daga wayarsa ba ya ce, "Ƙanena, in ka saita mutum, wace lamba kake gani a kansa?" Na ce nisan da ke tsakaninmu. Ya ce, "To muddin ta fi 300, me ka fito yi?"

Haushi na ji, amma ban da amsa. Daga ranar na fara tafiya daga bango zuwa bango. Kafin in bar inda nake, sai na ga inda zan shiga, na kuma kintata ko zan kai kafin a ankara da ni. Tsallen Griffin da nake kashewa don in burge kaina, sai na koma adana shi: ko dai in dira da shi kan wanda ya shigo zangona, ko in fice da shi in wuta ta yi yawa. Ba a samun biyun a lokaci ɗaya, domin in ka yi tsalle sai ka jira kafin ya sake yiwuwa.

A Shenzhen na fi koyon sana'ar. Birni ne mai dogayen gine-gine, da fili fetal a tsakiya inda tuta take. A nan na gane ashe laɓewa aiki ne na kunne. Kana bayan gini, wani na ta ɓarin wuta a kusurwar da kake, kai dai ka saurara. Kowane makami yana da lokacin da yake tsagaitawa a sake ɗura shi. Da ka ji ruwan ya ɗauke, wannan 'yan daƙiƙun naka ne: ka leƙo, ka juye abin da ke hannunka, ka koma. Kuma ba dole duk jikinka ya fito ba. Makaman Griffin a gefe da gefe suke, in ka daidaita tsayuwa sai ɓari ɗaya kawai ya leƙo. Rabin wutarka ke nan, amma shi ma ɗan abin da yake gani ya harba kaɗan ne. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, in ji Yaya, duk da shi ma wani lokacin tsoron ne.

Sai dai bango ba laya ba ne. Roka in ta fashe a kusurwa, tartsatsinta na samun wanda ya manne da wurin, don haka ake ɗan ja ciki. Rokokin Zenit da Noricum sama suke tashi su faɗo maka a ka, maganinsu rufi ko ka bar wurin. Spiral da Hydra kuwa binka suke daga mita 600, gajeren bango ba ya tare su, sai dogon gini da ka matsa jikinsa sosai. Garkuwa ma haka: ta ƙarfe irin ta dokin Lancelot tana tare harsashi amma fashewar roka na ratsa ta, ta lantarki irin Ancile tana shanye rokoki amma harbin makaman Taran da Magnum wucewa yake abinsa.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu da ke wasa daga nan. Wani dare sabis yakan yi nauyi. A wayarka ka riga ka shige bayan gini, a wajen abokin gaba kuwa har yanzu kafaɗarka na waje, sai ka ga jini na raguwa kana cikin mafaka. Na daɗe ina zagin wayata kafin na gane. Yanzu in na ji wasan na ɗan sarƙewa, komawa nake tun kafin harsashina ya ƙare.

To da na ɗanɗana daɗin bango, sai na zarce. Na zama na-laɓe. Wata rana a filin Dead City na gama wasa da doki ɗaya tal, ko ƙwarzane kaɗan ne a jikinsa, na kashe uku, ina ta murmushi. Amma an cinye mu. Tela ya ajiye kofinsa ya ce, "Malam, kai dokinka za ka kai gida ka yanka? Tuta huɗu suka riƙe kana can kana gadin bango!" Gaskiyarsa. Tutoci biyar ne a fili, kuma ɓangaren da ya riƙe kaɗan shi ne ma'auninsa na saman allo ke saurin zagwanyewa. In ya ƙare an gama, ko da dawakinku na nan cike da garaje.

A daren muka zauna muka raba aiki. Ƙanena yana da saurin hannu, shi ya ɗauki Cossack, ɗan ƙaramin doki mai makami ɗaya da tsalle kamar fara, aikinsa kama tutoci da zarar an sauka. Yaya ya shiga gaba da Lancelot, ya zama bango mai tafiya. Ni ina bayansa da 'yan taku, ba na fitowa sai an shagala da shi. Tela na can baya da Molot, mai kai mita 800, yana hana masu harbin nesa sakat.

Mun yi sa'a ɗaya da yawancin 'yan wasa ba su da ita: a benci ɗaya muke, ba ma bukatar na'urar magana. Matsalar ita ce surutu. Da farko kowa ihu yake, "ga shi nan, ga shi can", ba wanda ya san ina ne can. Tutocin suna da haruffa daga A zuwa E, amma cikin zafin faɗa harafi ba ya zama a kai. Sai muka raɗa musu sunayen gida. Tutar tsakiya a kowane fili Kejetia ce, don nan ne cunkoso. Ta kusa da inda muka sauka Aboabo, ta gidan jajaye Bantama, na gefe biyu Asawase da Alabar. Magana ta koma gajera: "Biyu a Kejetia, na hagu ya ji jiki." Da an faɗi haka, duk wanda zangonsa ya kai sai ya juya kan na hagun. Doki mai sauran jini kaɗan harbinsa ɗaya ne da mai cikakken jini, shi ya sa gara a taru a kawar da ɗaya da a raunata uku.

Sauran mutum biyun da wasan ke cike mana da su ba mu san su ba, wani sunansa ma da rubutun Rasha ko na Sin yake fitowa. Ba yaren da ya haɗa mu, sai mu karanci tafiyarsu. In ɗaya ya nufi wata tuta shi kaɗai, ƙanena ko ni wani ya rufa masa baya. Sau da yawa in ka raka mutum sau ɗaya, za ka ga ya manne da kai har ƙarshen wasan.

Makon jiya wasan ya sake jefa mu Yamantau, a tsarin Beacon Rush, wanda in dokinka ya faɗi kana iya sauka a kan tutar da kuka kama. Ƙanena ya yi tsalle uku ya kama Kejetia, aka kashe shi nan take, ya sake sauka a wurin da doki mai nauyi. Ni na biyo ta gefe ina fakewa da duk abin da ya fi ni tsawo, hasken Trebuchet na wucewa ta saman kaina. Na isa bayan Yaya da jinina kusan cikakke. Wani ja ya zagayo yana ta ɓarin wuta a garkuwar Lancelot, ina kallon lambar da ke kansa tana sauka: 380, 340, 310. Harbinsa ya tsagaita. Yaya ya ce, "Yanzu, ƙanena." Na yi tsalle.

Atayar da ke gefen ƙafata ce ta tafi a wannan tsallen, don har da ni na zabura daga bencin. Tela ya ce kofi na uku ba ni da rabo.