Kwana uku a masana'antar shinkafa a Birnin Kebbi

Bayan sallar asuba na shiga tashar mota a Gusau, domin hanyar Sakkwato yanzu ba wanda ke son dare ya riske shi a kanta. A jakata akwai agogon auna lokaci, da awon tsawo, da 'yar na'urar gwada danshin hatsi, sai littafin da ba na rabuwa da shi. Aikina ke nan: in shiga masana'anta in bi kaya tun daga ƙofar shigarsu har ƙofar fita, in gano inda lokaci da kuɗi ke zurarewa. Wani Alhaji mai matsakaicin injin casar shinkafa ne ya kira ni. Shinkafarsa na karyewa, 'yan kasuwa sun fara juya masa baya, har ya ƙudura sayen sabon inji.

Mun wuce Bunguɗu da Maru kowa ya yi tsit, sai a Talatar Mafara hira ta ɓarke, inda ruwan dam ɗin Bakolori ya sa gonaki suka yi shar. A Sakkwato na sauya mota muka bi ta Argungu. Nan idona ya cika da fadama, shinkafa iyakar ganinka, injinan ban ruwa na ta ƙugi. Wani manomi da ke kusa da ni ya nuna mini katafariyar masana'antar shinkafa ta kamfanin WACOT da aka buɗe a 2017, ya ce tun da Shugaba Buhari ya zo Kebbi a 2015 ya ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa, har ma'aikatan gwamnati suka koma gona. Na yi ta tuna masaƙar Gusau da ta mutu, wadda ta ci da gidaje da yawa a unguwarmu, raina ya sosu.

Washegari da sassafe na fara daga inda ake sauke samfarera, wato shinkafar da ba a casa ba. Na bi ta wurin rairaya da cire tsakuwa, da tankunan jiƙo, da inda ake turara ta da tururin tukunyar da ɓuntun shinkafar ne makamashinta. Na duba robobin injin ɓare, tazararsu daidai, ba su cinye ba. Injin da Alhaji ke zargi lafiyarsa ƙalau.

Wurin busarwa ne ya tsayar da ni. Wani dattijo ke kula da shi, gemunsa ya yi fari fat da ƙurar dusa. Ya ɗebi shinkafa a tafin hannu, ya murje ƙwara ɗaya, ya ɗora a haƙori ya ciza, na ji ƙas! Ya girgiza kai.

“Ɗana, ba laihin inji na ba. Tun bara munka hwaɗi, shinkahwa in ta hito wuta sai an bar ta ta huta.”

“Baba, wa kuka faɗa wa?”

Ya nuna ofis da haɓa, ya ci gaba da aikinsa.

Na sa na'urata, ta tabbatar da abin da haƙorinsa ya riga ya sani. Shinkafar da za a casa ana son danshinta ya tsaya wajen kashi 14 cikin 100, tasu kuwa ta bushe ta wuce haka. Dalili shi ne ana ƙara wuta don a yi sauri, a busar da ita gaba ɗaya a zama guda. Saman ƙwarar ya bushe, cikinta da sauran laima, sai ta tsage tun tana cikin ɓawo, inji na taɓa ta ta zama tsaki. Ƙa'ida ita ce a busar rabi, a juye ta ta huta wasu sa'o'i danshin ya daidaita, sannan a ƙarasa a hankali.

To me ya kawo gaggawar? Agogona ya ba da amsa. Sikeli ɗaya ne a bakin ƙofa, motoci kan yi layi har azahar, jiƙo ya makara, sai a nemi fanshe lokacin a kan wuta. Abin ya ba ni takaici ƙwarai, mutumin da ya fi kowa sanin shinkafar nan shekara guda yana magana ba a saurare shi ba.

A rana ta uku na zana wa Alhaji sabon tsari a takarda: ƙarin sikeli, rumbun hutu guda biyu, da fara jiƙo tun dare. Na roƙi a kira Baba ya zauna. Alhaji ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ɗago ya ce, “Baba, awa nawa kake so ta huta?”

Muka gwada da tukunya ɗaya a ranar. Da la'asar Baba ya kawo samfur a murfin kwano, ƙwara dogo-dogo, ruwan zuma, ya ajiye a kan teburin Alhaji. Ni kuma na ɗauki jakata na nufi Argungu, don in kwana can in kama motar farko.