Lasisin Farko: Daga Takardar Lana Zuwa Cikakken Izinin Tuƙi

Kusan duk wanda ya shigo makarantarmu ta koyar da tuƙi, tambayarsa ta farko ita ce, "Malam, kwana nawa zan yi in karɓi lasisi?" Da wuya ka ji mai tambayar kwana nawa zai yi ya iya mota. Amsarmu ba ta canjawa. Juya sitiyari da sa giya abu ne da mai natsuwa zai kama cikin 'yan makonni. Amma idon da zai hango ƙafar yaro ta ƙarƙashin motar da aka ajiye a gefen titi, har ya sa direba ya ɗage ƙafa daga totur tun yaron bai fito ba, wannan ido sai an daɗe ana hawa titi ake samunsa. Wannan tazarar da ke tsakanin hannu da ido ita ta sa hukumomi a ƙasashe da yawa suka daina danƙa wa sabon direba cikakken lasisi a rana ɗaya, suka mayar da abin hawa-hawa.

Ƙasar Niyu Zilan ce ta yi fice wajen fara wannan tsari a 1987, da matakai uku: na mai koyo, na mai tuƙi bisa sharaɗi, sai cikakke. Lardin Ontariyo na Kanada ya bi sahu a 1994 da matakan da suke kira G1 da G2 da G, jihar Fulorida ta Amurka kuma a 1996. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya na kashe mutum kusan miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Sunayen matakan da tsawonsu sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka kowa ya nemi ƙa'idar hukumar da ke ba da lasisi a inda yake. Ƙashin bayan abin dai ɗaya ne.

Matakin farko shi ne takardar izinin koyo, wadda aka fi sani da lana. Ana duba shekaru: 16 a Niyu Zilan da Ontariyo, 17 a Birtaniya, 18 a Najeriya. Ana duba ido, a wurare da yawa kuma ana yin jarrabawar dokokin hanya kafin a ba da takardar ko kafin a kai ga gwajin titi. A Birtaniya tambaya 50 ce, sai ka ci 43. Gwajin idonsu kuwa mai sauƙi ne ƙwarai, shi ne ka karanta lambar mota daga nisan mita 20, kuma mu ma da shi muke fara wa kowane ɗalibi tun bai taɓa makulli ba. Ba kaɗan ba ne suke gano a wannan ranar cewa suna buƙatar tabarau. Mai takardar lana ba ya tuƙi shi kaɗai. Dole a samu mai cikakken lasisi a kujerar gefensa, kuma ba kowane mai lasisi ba: a Birtaniya sai wanda ya haura shekara 21 kuma lasisinsa ya kai shekara 3, a Ontariyo sai wanda ya shekara 4 yana tuƙi. A inda doka ta tanada, ana manna harafin L a gaba da bayan mota don na baya ya yi haƙuri ya ba da tazara.

A wannan matakin aikinmu yake, kuma a nan ake gane makarantar gaskiya. Kafin ka biya kowa ko sisi, buɗe ƙofar kujerar malami, wadda ke kusa da ta direba, ka leƙa ƙasa. In babu birki na biyu a ƙarƙashin ƙafar malami, da kuloci na biyu in motar mai giyar hannu ce, to juya ka tafi. Akwai masu sayen tsohuwar mota su rubuta mata suna a jiki su ce sun buɗe makaranta, in ɗalibi ya rikice sai ihu da fizgar birkin hannu. Birkin hannu tayoyin baya kawai yake kamawa, in aka fizge shi mota na gudu yana iya juya ta. Motocinmu duk suna da birkin malami da madubinsa na daban, kuma kowace safiya sai an taka birkin nan an ji ya kama kafin mota ta fita.

Darasin farko inji a kashe muke yin rabinsa. A gyara kujera yadda in ɗalibi ya taka kuloci har ƙasa gwiwarsa za ta rage a ɗan lanƙwashe. In ƙafar ta miƙe sambal, kujera ta yi nisa, kulocin ba zai riƙa kai ƙasa ba, giya za ta riƙa ƙara. A jingina baya, a miƙa hannu, wuyan hannu ya sauka a saman sitiyari. A ɗaga matashin kujera ya yi daidai da tsayin kai, domin shi ke tare wuya in an bugi mota ta baya. A saita madubai uku, a ɗaura bel, a riƙe sitiyari kamar inda ƙarfe tara da ƙarfe uku suke a fuskar agogo. Ƙafar hagu ta kuloci ce kaɗai, ta dama ita ke yawo tsakanin birki da totur, diddige a ƙasa. A motar otomatik ƙafar hagu hutu take, kuma muna tsananta wannan, don mai taka birki da hagu ranar da ya firgita duka biyun zai danna.

Sai kuloci, wanda shi ke sa ɗalibai zufa. Akwai wani ɗan wuri a tsakiyar ɗagowarsa inda faifan kuloci yake fara kama inji. Za ka ji ƙarar injin ta ɗan yi ƙasa, gaban motar ya ɗan ɗago kamar tana son tafiya. Duk sirrin tashi yana wannan wuri: ka tsayar da ƙafa a nan kamar daƙiƙa biyu, ka ƙara wuta kaɗan, sai motar ta fara mirginawa sannan ka ƙarasa saki. Wanda ya saki gaba ɗaya, mota ta yi tsalle ta mutu. Wanda kuma ya saba ɗora ƙafa a kan kuloci yana tafiya, faifan yake cinyewa a hankali, wata rana zai ji warin ƙauri, ya ba da wuta inji na kuka mota ba ta ja. Muna sa ɗalibi ya nemo wannan wurin sau ashirin, sau talatin, a fili, ba tare da ya taɓa totur ba, har ƙafarsa ta haddace shi. Daga nan tashi a kan tudu ba ya ba shi tsoro: birkin hannu a ja, giya ta ɗaya, wuta kaɗan fiye da ta fili, a ɗago kuloci har ya kama, sannan a sauke birkin hannu. In mota ta koma baya, an sauke birkin kafin kulocin ya kama ne.

Abin da ya fi cin lokaci dai shi ne kallo. Sabon ɗalibi hancin motarsa yake kallo, shi ya sa yake tangaɗi a layi. Da ya ɗaga ido ya kalli nesa sai motar ta miƙe da kanta. Muna koya masa jeri ɗaya har ya zama jiki: madubi, sigina, sannan motsi. Kafin canja layi ko tashi daga gefen titi sai ya waiga ta kafaɗa, domin akwai wani loko a gefen mota da madubi ba ya nunawa, kuma babur guda yana ɓacewa a cikinsa tsaf. In yana jiran ya karya kwana ta gaban motocin da ke tahowa, tayoyinsa su tsaya a miƙe; in ya riga ya karya sitiyari aka buge shi ta baya, cikin motocin nan za a tura shi. Tazara kuma da ƙirga muke auna ta. In motar gaba ta wuce wata alama, sandar fitila ko allo, ya ƙirga daƙiƙa uku kafin shi ya iso wurin, in ana ruwa ya ninka. Lissafin a fili yake: a gudun kilomita 60 cikin awa mota na cin kusan mita 17 kowace daƙiƙa, wato duban waya na daƙiƙa biyu tafiyar mita 33 ce ido a rufe. In kuma gudu ya ninka, nisan da birki ke buƙata sau huɗu yake ƙaruwa.

Wannan duka ba ya samuwa a darasi biyar, kuma nan muke yawan samun saɓani da masu zuwa ciniki. Uba zai kawo ɗansa ya ce, "Ai ya iya, yayansa ya koya masa, a rage mana darussan kawai." Mu fita da yaron, mu tarar da hannu ɗaya a sitiyari, ƙafa a kan kuloci, gangara a firi, madubi kuwa ado ne. Kankare irin waɗannan ɗabi'u ya fi koya wa wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba wahala. A Faransa doka ta sa aƙalla awa 20 ta darasi ga mai koyon motar giyar hannu. A jihar da birnin Sidni yake a Ostareliya, matashi sai ya cike littafin awa 120 na tuƙi tare da mai kula da shi, 20 daga ciki da dare. Su kuwa masu alkawarin lasisi a mako guda, har da masu cewa kawo hoto kawai ba sai ka zo ba, takarda suke sayarwa. Araha ba ta ado, balle a abin da ran mutane ke ciki.

Ranar gwajin titi, ba ribas ko fakin ne suka fi kayar da mutane ba, ko da yake su ɗalibai suka fi jin tsoro. Rashin dubawa da kyau a mahaɗa da rashin kallon madubi kafin canja hanya su ne kan gaba. A Birtaniya gwajin kamar minti 40 ne, ana yafe ƙananan kurakurai har 15, amma babban kuskure guda ya isa ya kayar da mutum. Mota ta mutu maka ba shi ne ƙarshe ba: ja birkin hannu, mayar da giya firi, tayar, duba ko'ina, ka tashi. Mai gwaji ya fi damuwa da yadda ka farfaɗo. A allon tsayawa tayoyi su tsaya cak, ba rage gudu ba. Kuma kada tsoro ya sa ka riƙa rarrafe a titin da ya buɗe, shi ma kuskure ne ana rubuta shi. Mu ba ma tura ɗalibi gwaji sai ya yi mana cikakken zagaye sau biyu a jere malami bai ce uffan ba, bai kuma taɓa birkinsa ba.

Mataki na biyu, na mai tuƙi bisa sharaɗi, shi ne wanda mutane suka fi rainawa, alhali watannin farko na tuƙi kai kaɗai su ne mafiya haɗari a rayuwar direba. Babu mai ce maka rage gudu, hannu ya faɗa, zuciya na gaya maka ka gama iyawa. Shi ya sa sharuɗɗan wannan mataki suke bin ainihin abubuwan da ke kashe sababbin direbobi. Dare: a Niyu Zilan mai wannan lasisi ba ya tuƙi shi kaɗai daga ƙarfe 10 na dare zuwa 5 na asuba. Fasinja: wurare da yawa sun taƙaita ɗaukar abokai, domin mota cike da sa'o'i tana raba hankali, tana kuma jawo nuna bajinta. Gudu: a Faransa sabon direba yana manna harafin A, kuma inda wasu ke yin kilomita 130 a babbar hanya shi 110 ne iyakarsa. A Sidni jan harafin P ake fara mannawa, iyaka 90, sannan kore, iyaka 100. Barasa kuwa a Jamus da Ontariyo ko ɗigo ba a yarda sabon direba ya sha ya hau mota ba.

Akwai kuma maki. A Faransa, inda ake rage wa direba maki in ya yi laifi, da maki 6 ake farawa maimakon 12, su cika bayan shekara 3 in ba a yi laifi ba. A Birtaniya lissafin a juye yake: wanda ya tara makin laifi 6 cikin shekara biyun farko, lasisin ya tafi, ya koma lana, ya sake jarrabawa duka biyu. Kama mutum da waya a hannu sau ɗaya ya isa ya cika shidan nan. A Jamus shekara 2 ce ta gwajin hali. Ko a inda doka ba ta raba wannan mataki ba, muna roƙon ɗalibanmu su ɗora wa kansu shi na wata shida: hanyoyin da suka sani, da rana, ba cikon abokai, waya a aljihu. Muna kuma kiran su darasi biyu bayan lasisi, ɗaya da dare don su koyi sauke fitila da kauce wa hasken mai tahowa ta hanyar bin gefen titi da ido, ɗaya a babbar hanya don shiga layi da wuce babbar mota. Kaɗan ne ke dawowa, kuma wannan yana damunmu, don a ganinmu darussan nan biyu sun fi goman farko amfani.

Cikakken lasisi ma yana da iyaka, domin rukuni-rukuni ne. A tsarin Turai A na babur ne, B na ƙaramar mota da ba ta wuce kilo 3,500 ba kuma fasinjanta ba su haura 8 ba, C na manyan motocin kaya, D na bas, E kuma ƙari ne ga mai jan tirela. Haruffan na iya bambanta a wata ƙasa, sai a duba abin da aka rubuta a jikin katin. Wanda ya ci gwaji da otomatik, a Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai ana rubuta masa hakan a lasisi, ba shi da izinin hawa mai giyar hannu sai ya cika sharaɗin da aka gindaya, shi ya sa muke ba mai niyyar cin abinci da tuƙi shawarar ya fara da kuloci. Mai son hawa zuwa babbar mota kuwa sabon karatu ne gaba ɗaya: ƙarin shekaru, gwajin lafiya, birkin iska da sai ma'auninsa ya cika kafin a motsa, da tayoyin baya da ke yanke kwana su hau inda na gaba ba su taka ba. Wannan ba ma karɓar kowa a kai sai ya nuna mana aƙalla shekara biyu a ƙaramar mota.